Tsufa da Tunani: Darasi Daga Fadamar Guri



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne tsufa, da irin abin da yake yi wa tunanin ɗan Adam. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan biri da gada, mu da yawancinmu ba mu haura shekara 25 ba? Amsar ita ce, nan da shekara ɗaya ko biyu da yawa daga cikinmu za su zauna a bayan tebur, a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko asibiti, ko kotu, ko ofishin gona, kuma cikin waɗanda za su fara yi musu sallama har da dattijo mai dogara sanda. Wasu ma da ke zaune a nan sun riga sun kama aiki. Yadda za su saurari dattijon nan ya danganta ga abin da suka ɗauka tsufa ya yi wa kansa. In sun ɗauka ya kwashe kome, za su sallame shi da “To, Baba, mun ji.” In kuwa sun ɗauka bai taɓa kome ba, za su rubuta duk abin da ya faɗa kamar yankan wuƙa. Duka biyun akwai ɓarna a cikinsu, kuma za mu yi ƙoƙarin nuna dalili da misalin ƙasar Guri.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Guri ƙaramar hukuma ce a masarautar Haɗeja, a gabashin Jihar Jigawa, tana iyaka da Jihar Yobe. Mutanenta Badawa ne da Mangawa da Hausawa da Fulani. Sana'arsu noma da su da kiwo, kuma duka ukun ga Kogin Haɗeja suka dogara. Kogin nan in ya wuce garin Haɗeja sai ya faɗa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya rarrabu: reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, ga kuma Burum Gana, tsohon kogin kuwa ya doshi wajen Gashuwa inda yake haɗuwa da Kogin Jama'are. A da, ruwa yakan zo da damina ya malale fadama, ya janye da kaka, da rani kuma kogi ya ƙafe har a taka yashinsa da ƙafa. A kan wannan zuwa da komawa aka gina kome: lokacin shuka shinkafa, lokacin fita su, da lokacin da Bafillace zai sauko da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa.

Sai aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Ruwan damina ya ragu, na rani ya ƙaru, domin an koma sako shi duk shekara saboda noman rani da ruwan shan birnin Kano. Wurin da ba ya bushewa kuwa shi ne gidan kacala. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwa ya bar inda aka san shi ya koma inda ba a zata ba. Wata gonar shinkafa ta zama fako, wata ta gero ta zama tafki. Yanzu sai mu yi ɗan lissafi. Wanda ya ga kogin nan da idon babban mutum kafin Tiga, a ce yana ɗan shekara 20 a 1974, to ya cika 70 a 2024. In an tashi maganar yashe tsohuwar hanyar ruwa, ko iyakar gonar da ruwa ya ci shekara da shekaru sa'an nan ya saki, ko inda burtali ya bi ya sauka mashaya, za a tarar yawancin wuraren nan ba su da takarda. Takardarsu tana cikin kan waɗannan dattawa. Ke nan a Guri tambayar abin da tsufa yake yi wa tunani tambaya ce ta gona da abinci, wani lokaci ma ta jini tsakanin manomi da makiyayi.

Abu na farko da tsufa yake taɓawa shi ne sauri. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan da ƙananan ayyuka, kamar a nuna wa mutum alamu biyu a ce ya faɗi ko iri ɗaya ne, a kuma duba agogo. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015, wanda ya tattara sakamakon mutane kusan dubu 50, ya nuna cewa irin wannan saurin yana kai ƙololuwarsa ne wajen shekara 18 ko 19. Watau mu da muke taƙama da ƙuruciya a ɗakin nan, da yawanmu mun riga mun fara gangarowa! Dalilin, a taƙaice, ba wai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa rututu ba ne kamar yadda aka zata a da. Abin da ya fi lalacewa shi ne hanyoyin da saƙo yake bi tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Saƙon yana isa, amma a makare, kamar motar da ta bi hanyar da damina ta zaizaye.

Na biyu shi ne tattara hankali. Dattijon da ke gyaran koma shi kaɗai a gindin bishiya zai iya wuni a kai ba tare da ya ɓata ƙulli ɗaya ba, domin tsayar da hankali a kan abu guda bai cika raguwa da tsufa ba. Abin da yake yi masa wuya shi ne raba hankali gida biyu, da kuma toshe kunne ga abin da ba shi ake nema ba. Wasu masana biyu, Lynn Hasher da Rose Zacks, sun yi bayani a 1988 cewa ƙwaƙwalwa tana da wani abu kamar mai gadin ƙofa, wanda aikinsa shi ne hana tarkace shiga, kuma da tsufa mai gadin nan yakan yi sanyi. Ku ɗauki ofishin ƙaramar hukuma ranar da aka cika: janareta na ruri, mutum uku na magana lokaci guda, waya na ƙara, akawu na jero tambaya huɗu a numfashi ɗaya. Dattijo ya amsa ta farko da ta ƙarshe, ya tsallake biyu na tsakiya, sai a rubuta cewa maganarsa ba ta da kan gado. Alhali kuwa ɗakin ne ba shi da kan gado. In kuma an ƙara da cewa kunnensa ya yi nauyi, to rabin ƙarfin tunaninsa ya ƙare wajen tsinto kalmomin, bai bar masa abin da zai riƙe ma'anarsu da shi ba.

Na uku, wanda aka fi sani, shi ne mantuwa. A nan sai mun ɗan tsaya, domin abin da muke kira tunawa ba abu ɗaya ba ne. Wani masani a ƙasar Kanada, Endel Tulving, ya raba shi biyu a 1972. Akwai tuna abin da ya faru da kai a wani wuri a wani lokaci: wa ya zo jiya, ina na ajiye carbi, nawa na sayar da buhun shinkafa ran kasuwa. Akwai kuma sanin da ya zauna a ka, wanda ba ka ma tuna ranar da ka koye shi ba: sunayen kifaye, bambancin tarwaɗa da kurungu, wace ƙasa ce take riƙe laima har bazara, wace zuriya ce ta fito daga wace. Na farkon shi ne yake raguwa. Akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa a can cikin ƙwaƙwalwa, likitoci na kiransa hifokamfas, wanda shi ne magatakardan da yake rubuta sabon abu, kuma a jikin tsofaffi yakan motse da kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara. Na biyun kuwa ba ya raguwa sai can an yi nisa, hasali ma ƙaruwa yake yi. Binciken nan na 2015 ya samu cewa yawan kalmomin da mutum ya sani bai kai matuƙarsa sai wajen shekara 65 zuwa 70. Haka kuma wani dogon bincike da K. Warner Schaie ya fara a birnin Siyatil a 1956, inda ake sake gwada mutane ɗaya bayan kowace shekara 7, ya nuna cewa yawancin basirar mutum ba ta nuna raguwa a fili kafin shekara 60, kuma sanin harshe shi ne yake jimawa bai motsa ba.

Saboda haka dattijon da ya manta sunan jikansa na ɗan lokaci, ya kira sunan yara uku kafin ya dace da na huɗu, ba lalle ne ya manta inda kogi ya bi a 1970 ba. Rumbu biyu ne daban, ɓera ya shiga ɗaya bai shiga ɗayan ba.

Har wa yau, gwaninta takan biya bashin sauri. A 1984 Timothy Salthouse ya gwada masu buga tafireta, daga 'yan shekara 19 har zuwa 72. Da aka auna saurin yatsa kawai, tsofaffin sun kasa matasa. Amma da aka ba su takarda su buga, sai suka gama tare. Da aka bincika sai aka ga ashe idon tsoho yana can gaba da yatsansa, ya riga ya karanta kalmomin da ke tafe tun kafin ya iso su. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale da tsohon masunci ya ga irin wannan. Saurayi yana tuƙi da ƙarfi, in ya ci karo da kacala ya ja da baya ya sake hanya. Tsoho kuwa tun daga nesa ya ga launin ruwan ya sake, ya ga yadda ciyawa ta kwanta, ya karkata tun kafin a zo. Maganar da ake yi cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, a nan dai ta samu shaidar ɗakin gwaji, ko da yake sai mu ƙara da cewa a fagen da babban ya sani ne kawai. In aka ba shi sabuwar waya ya tura kuɗi, to yaron ne a kan rimi.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu tsufa ne na lafiya. Akwai kuma wanda ba na lafiya ba, wanda mutanenmu suke cewa ruɗewa ko gigin tsufa, suna ɗaukarsa kamar furfura, watau abin da dole ya samu duk wanda ya daɗe. Ba haka ba ne. Cuta ce, kuma yawancin tsofaffi suna komawa ga Mahaliccinsu ba ta same su ba. A shekarar 1906, shekarar da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi har Sarki Muhammadu ya yi shahada, a can Jamus wani likita mai suna Alois Alzheimer ya ba da labarin wata mata da ta ruɗe tun tana 'yar hamsin da 'yan kai, kuma bayan rasuwarta ya ga wasu ƙulle-ƙulle da daskararrun abubuwa a ƙwaƙwalwarta. Cutar da ke ɗauke da sunansa ita ce mafi yawa cikin masu kawo ruɗewa. Mai bi mata, wadda ya kamata ta fi damunmu, ita ce ta toshewar ƙananan jijiyoyin jini a ka, wadda hawan jini yake jawowa a ɓoye. Bambancin mantuwa da ruɗewa a bayyane yake ga mai lura. Mai mantuwa ya manta inda ya ajiye fatanya, mai ruɗewa ya riƙe ta bai san amfaninta ba. Mai mantuwa in an tuna masa sai ya ce “Af, haka ne”. Mai ruɗewa ya yi tambaya ɗaya sau goma cikin sa'a guda, ya ɓace tsakanin gida da masallacin da ya yi shekara 50 yana zuwa. A wuri irin Guri akwai wata alama kuma: wanda ya tashi da Badanci ko Manganci, ya koyi Hausa daga baya, in cutar ta yi nisa yakan saki Hausar ya koma harshen da ya sha a nono. Ma'aikacin da ba ya jin harshen sai ya ce sambatu yake yi.

Game da yawanta a ƙasarmu, bincike mafi shahara shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Jami'ar Ibadan da ta Indiyana, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie. An gwada Yarabawa 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna ruɗewa ta kama kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, a Indiyanafolis kuwa kashi 8.24. Wani binciken da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya samu kusan kashi 3 cikin 100. Kada dai wannan ya sa mu saki jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu wannan cuta sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. Abin lura a aikin Ibadan shi ne, masu binciken ba su ɗauko tambayoyin Turai sun zuba wa tsohon da bai yi boko ba. Sun tsara nasu, sun kuma haɗa da tambayar wani na kusa da shi yadda yake gudanar da harkokinsa na yau da kullum. Tsohuwar da ba ta san shekarar haihuwarta da lissafin Turawa ba, ba ruɗewa ta yi ba. Ba a taɓa gaya mata ba ne.

Akwai hali na uku, kuma muna roƙon waɗanda za su yi aikin asibiti su riƙe shi da kyau. In tsoho yana lafiya lau shekaranjiya, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, yana ganin abin da babu, to wannan ba gigin tsufa ba ne, domin shi gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni. Ruɗewar farat ɗaya alama ce ta ciwo a jiki: zazzaɓin cizon sauro, wanda fadama ba ta rabo da shi, ko ciwon huhu, ko na mafitsara, ko ƙishirwa a zafin bazara, ko wani magani da ya sha. In an yi maganin ciwon, sau da yawa hankali yakan dawo. Abin baƙin ciki, irin wannan ne ake kullewa a ɗaki a ce iska ce, in kuwa tsohuwa ce marar gata, har a jefe ta da maita saboda an gan ta tana yawo da dare tana kiran sunayen matattu.

Ita ma ruɗewar ta gaskiya, ko da yake ba a samu maganin da yake warkar da ita ba, ana iya rage ta. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar ana iya danganta nasu da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Daga ciki akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da nauyin kunne, da raunin gani, da kaɗaici, da ƙarancin ilimi tun ƙuruciya, da rashin motsa jiki. Wannan na ƙarshe ba matsalar manomin Guri ba ce, tamu ce mu masu shirin zaman kujera. Amma awon jini da cire yanar ido ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Yanzu bari mu koma ga dattijonmu mai lafiya, da shaidarsa a kan kogi. Masana sun lura cewa in aka ce wa tsoho ya ba da labarin rayuwarsa, abin da ya fi zubowa shi ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30. Ga wanda aka haifa wajen 1950, wannan ya faɗo daidai kan 1960 zuwa 1980, watau ainihin shekarun da muke nema, kafin Tiga da kuma bayanta kaɗan. Wannan sa'a ce. Sai dai kuma tunawa ba kaset ba ce. Duk lokacin da mutum ya ba da labari sake gina shi yake yi, kuma abin da ya fi kuɓuce wa tsoho shi ne asalin labarin: shin da idonsa ya gani, ko mahaifinsa ne ya gaya masa? A shekarar fari ta 1973 ne, ko ta 1984? Zai iya rantsuwa a kan abin da ya haɗe masa, ba kuwa ƙarya yake yi ba.

Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan da ɗaruruwan shekaru. Suna da babi sukutum a kan amintattun masu ruwaya waɗanda tunaninsu ya cakuɗe a ƙarshen rayuwa, abin da suke kira ihtilaɗi. Ba su zubar da mutum gaba ɗaya ba, ba su kuma karɓe shi gaba ɗaya ba. Sai suka bi diddigi: wa ya ji daga gare shi kafin cakuɗewar, wa ya ji bayanta? Alal misali Aɗa'u ɗan Sa'ibu, mutumin Kufa, an karɓi abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ɗauko daga gare shi domin tun da wuri suka ji, aka yi taka-tsantsan da na waɗanda suka zo daga baya. A ganinmu ma'aikacin da aka tura sasanta rikicin iyaka a fadama ba ya bukatar wata dabara da ta wuce wannan: ya san wa yake magana, ya san halin da tunaninsa yake ciki yanzu, ya kuma gwada maganarsa da ta wani.

A aikace, ga yadda muke ganin ya kamata a yi. A je wa dattijo da hantsi, domin gwaje-gwaje sun nuna tunanin tsofaffi ya fi kaifi da safe, saɓanin namu da yake buɗewa da yamma. A zauna inda babu hayaniya, a fuskance shi yadda zai ga bakin mai magana, a yi tambaya ɗaya a jira. Shirun da yake yi ba rashin sani ba ne, saƙon ne yake kan hanya, kuma wanda ya katse shi da wata tambayar ya mai da shi farko. Kada a sa masa amsa a baki, irin su “Ai ta bayan tsamiyar nan ruwan yake bi, ko ba haka ba, Baba?”, domin tsoho ya fi saurin ɗaukar abin da aka shigar masa ya zaci nasa ne, ga kuma kunya da kara da za su sa ya ce i. Kada a tambaye shi shekara da lamba. A tambaye shi ko kafin a canja kuɗi ne daga fam zuwa naira, wanda muka san 1973 ne. Ko kafin a kashe Janar Murtala, 1976. Ko kafin a ba mu Jihar Jigawa, 1991. Ko lokacin wane bulama ne, ko an riga an haifi ɗansa na fari. A tambayi mutum uku ko huɗu, kowa shi kaɗai, kafin a tara su, domin in an tara su tun farko, maganar mai babbar murya ce za ta zama ta kowa. Kada kuma a manta da tsofaffin mata. Su ne suka san inda ake ɗiban ruwa da rani, da wurin da ake tsallakawa da ƙafa ran kasuwa.

Sa'an nan in da hali a ɗauke shi a kai shi wurin. Gane abu in an gan shi ya fi tsira daga tsufa bisa ga lalubo shi daga ka, shi ya sa wanda ya kasa kwatanta iyaka a zaure, in aka tsayar da shi a bakin gaɓa ya ga tsohuwar giginya da tudun da ke bayanta, sai ka ji sunayen masu gonakin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, daga gabas zuwa yamma. A tafi da littafi da abin ɗaukar magana, a rubuta ranar da sunan wurin, a kuma karanta masa abin da aka rubuta ya ji kafin a tashi.